Idanu Biyu a Madubin Bas

Duk wanda ya taɓa sa ɗansa a makarantar nan, in ka ce masa Sauka-Lafiya, sai ya yi murmushi kafin ya ce komai. Direban bas ɗin makarantar ne, dogo, siriri, da ɗan ranƙwafawa irin ta wanda ya tsufa a kan sitiyari. Yara ne suka laƙaba masa sunan, don babu yaron da zai taka matakalar bas bai ce masa "sauka lafiya" ba, ko su sittin ne, ko ranar mura ta toshe masa murya. Sunan ya bi shi har gida. Matarsa in ta so tsokana, yana sauko da ƙafa daga kan gado sai ta ce, "To, direba, sauka lafiya." Ya harare ta, ta yi ta dariya.

Shekara ashirin da bakwai ya yi yana jan yara. Kafin nan motar kaya yake ja ta dogon zango, sai bayansa ya fara ciwo, matarsa kuma ta ce ta gaji da auren mutumin da sai ƙarshen wata take ganin ƙeyarsa. A hannunsa aka canza bas uku, shugabannin makaranta biyar suka zo suka tafi. Ya san yaron da ke amai in an sha kwana. Ya san gidan da sai ya yi hon sau uku uwar take fitowa a guje, yaro a hannu ɗaya, takalminsa a ɗayan.

Amma abin da aka fi saninsa da shi, zagayensa ne. Da zarar yaro na ƙarshe ya sauka, sai ya kashe mota, ya miƙe, ya bi tsakiyar kujeru daga gaba har baya. Kowace kujera sai ya buga bayanta da tafin hannu, ya sunkuya ya leƙa ƙarƙashinta, dama da hagu, layi goma sha shida. In ya kai kujerar baya, doguwar nan, har durƙusawa yake yi. Safe da rana haka yake, ko da kuwa da idonsa ya ga kowa ya fita. Matasan direbobi na yi masa ba'a, wai Baba allurarsa ce ta faɗi tun zamanin da, har yau bai gan ta ba. Iyaye kuwa yabo har ya yi yawa. Daga baya ma makaranta ta mayar da abin doka, duk sabon direba sai an tura shi ya koyi zagayen Sauka-Lafiya.

Abin da ke ba ni haushi da mutane ke nan. In suka ga mutum da hali mai kyau, sai su yi ta tafi, ba mai tambayar inda ya samo shi.

Shi ya san inda ya samo nasa. Shekara goma sha tara da suka wuce, wata safiya a tsakiyar lokacin zafi, akwai wata 'yar aji ɗaya, 'yar shekara shida, a kujerar baya. Suna zagaya shataletale ya ɗaga ido ya gan ta a madubi tana gyangyaɗi. Ya ga ta ja jakarta ta yi matashi da ita, ta kwanta. Har ya ce a ransa, in mun isa zan tashe ta. Da suka isa, sai ya tarar wani mai motar kawo littattafai ya tare ƙofar shiga ya ƙi matsawa. Sauka-Lafiya ya diro da zafinsa, aka yi ta cacar baki, yara suka zubo suka shige aji. Ya mayar da bas bayan ajujuwa inda babu ko inuwar sanda, ya rufe tagogi, ya kulle ƙofa, ya tafi yana ci gaba da zagin mai littattafai a ransa.

Sai bayan awa huɗu ya dawo. Ya same ta a yashe tsakanin kujeru, leɓenta ya bushe, rigarta sharkaf, ko motsi ba ta yi. A hannunsa ya ɗauke ta har titi.

Ta rayu. Amma a barandar asibiti, ana can ana yi mata ƙarin ruwa, ubanta ya ci kwalarsa, hedimastan wancan lokaci yana tsaye, aka ce ya faɗi yadda aka yi. Yana da 'ya'ya huɗu a gida, ƙaramin ko yaye ba a yi ba. Bakinsa ya riga tunaninsa.

"Ɓuya ta yi," in ji shi. "Na duba, ban gan ta ba. Ƙarƙashin kujera ta shige."

Kowa ya san yarinyar da son wasan ɓuya, sai maganar ta zauna daram. Uban ya sake shi, ya gyara masa kwala da hannunsa, har da ba shi haƙuri. Da yarinyar ta farfaɗo ba ta tuna komai ba sai zafi. Shekara na zagayowa aka yi wa uban canjin wurin aiki, suka bar garin. Washegarin ranar asibiti ne Sauka-Lafiya ya fara zagaye. Ko matarsa bai taɓa gaya wa ba.

To, satin da zai ajiye aiki, ranar Talata, shugabar makaranta ta yanzu ta aika a kira shi ofis. Mace ce mai fara'a da saurin magana, ba ta fi shekara shida a wurin ba.

"Baba, jibi fa ranarka ce," in ji ta. "Ka zo da Mama da yara. Kuma akwai abin mamaki. Wata tsohuwar ɗalibarmu, yanzu fim ɗin zane take yi, irin katun ɗin nan amma na manya. Ta yi wani gajere, minti bakwai, har ya ci kyauta. Da ta ji za ka ajiye aiki ta ce lallai da kanta za ta kawo shi, tare da mahaifinta."

"Madalla, ranki ya daɗe."

"Kan bas ɗinka ne ma! Wai sunan fim ɗin Kujerar Baya."

Ya kama bayan kujerar da ke gabansa.

"Kin kalla?"

"A'a, ta ce kar kowa ya gani sai ranar. Ta ce musamman kai take so ka gani. Baba, lafiya? Zauna mana."

Ya ce bayansa ne. Ya fito, rana na dukansa. Musamman shi. Ta tuna ke nan. Ta girma, ta tuna, ta zana, za ta kawo a haska a gaban matarsa da 'ya'yansa da iyayen da suka yi shekaru suna sa masa albarka, a ranar da za a kira shi gaba a tafa masa.

Kwana biyun nan abinci sai dai ya jagwalgwala ya ture. Matarsa ta wanke masa farar rigarsa, ta goge ta har sau biyu, ta rataye a bayan ƙofa.

"Malam, wai ajiye aikin ne ya hana ka cin abinci? In zaman gidan kake tsoro, ni ma tsoronsa nake, ka ga mun yi daidai."

"Ina ganin ba zan je taron nan ba."

Ta ajiye dutsen guga. "Ba za ka me? Babbar 'yarka ta taso tun daga inda take da goyo, ƙaninka ya ɗauki hutu, ni na gaya wa duk layin nan. In ba ka da ƙafa, goya ka zan yi."

Ya buɗe baki zai gaya mata, wallahi ya buɗe. Sai ya ga yadda take shafa wuyan rigar tana duba ko akwai sauran tabo, ya mayar da bakinsa ya rufe.

Ranar Alhamis da ƙarfe biyu na rana zauren taro ya cika maƙil. An ja labule an toshe tagogi saboda majigi, fankoki uku na juya iska mai ɗumi. Aka zaunar da shi a layin gaba, matarsa a dama, 'ya'yansa da jikoki a bayansa. Aka yi jawabai. Wani uba ya ce shekara goma sha ɗaya 'ya'yansa na shiga bas ɗin nan, ko sau ɗaya bai taɓa ɗaga ido ya dubi agogo don fargaba ba. Kowace kalma kamar ana ƙara masa bulo a ka.

Can sai wani dattijo mai sanda ya ratso layi ya tsaya a gabansa. Ya rame, gashinsa ya yi fari fat, amma Sauka-Lafiya ya gane hannun nan da ya taɓa cin kwalarsa tun kafin ya kalli fuskar.

"Malam Direba! Ka gane ni kuwa? Ashe rai kan ga rai." Ya riƙe hannunsa da hannu biyu yana girgizawa. Ya waiga ya ɗaga murya. "Taɓuya! Ke Taɓuya, zo ki gaida mutumin da ya cece ki mana."

Wata budurwa ta taso daga wajen na'urar majigi, 'yar siririya da tabarau, yatsunta duk baƙin gawayin zane a gefen farce. Ta rusuna.

"Ina wuni, Baba. Mun same ku lafiya?"

"Lafiya lau, 'yata," in ji shi, muryarsa kamar ta aro. Ya nemi wani abu a fuskarta, fushi ko gori, bai iya karanta komai ba. Tabarau ɗin na ɗaukar hasken fitila.

"Sunan da nake kiranta ke nan tun ranar," in ji dattijon yana dariya. "Don kar ta manta abin da ta jawo mana. Har ƙannenta da shi suka tashi."

Aka kashe fitilu.

Ba irin katun ɗin da jikokinsa ke kallo ba ne. Babu launi, baƙi ne da toka-toka, layukan suna rawa kamar mai zanen na jin sanyi. Babu magana ko ɗaya. Ga cikin bas, dogo fiye da kima, kujeru sun jeru har ba a ganin ƙarshensu. Yaran da ke ciki ba su da jiki, takalma ne kawai a jere suna lilo. A can gaba ga direba, an nuno shi ta baya. Ya juyo, ashe ba shi da fuska, fili ne kawai sumul kamar bayan cokali. Wata jikarsa ta ƙanƙame uwarta.

Sai hoton ya hau sama a hankali zuwa madubi. A cikin madubin ne idanun suke. Biyu, su kaɗai, ba hanci ba baki. Suka bi kujerun ɗaya bayan ɗaya, suka tsaya a kan wata 'yar yarinya a kujerar baya, ita kaɗai ce mai cikakken jiki. Suka daɗe a kanta. Suka ƙifta sau ɗaya.

Gumi ya karyo masa tun daga ƙeya har gadon baya. Ya ji matarsa ta matso ta raɗa masa, "Kai, wannan abu da ban tsoro yake. Wai kai ne wancan?" Ya kafe allon da ido.

Takalman suka sauka bibbiyu suka fice. Daga waje ana jin muryoyin maza biyu suna faɗa, amma a dushe, kamar kunnenka na cikin ruwa. Shi kaɗai a zauren nan ya san su waye, ya ma san zagin da ake yi. Yanzu ne, in ji zuciyarsa. Yanzu za ta nuna yarinyar a kwance tana barci, kowa ya gani.

Sai yarinyar cikin fim ta waiga dama da hagu, ta yi wani murmushi mai faɗi wanda bai dace da fuskarta ba, ta zame ta shige ƙarƙashin kujera.

Ya zauna baki buɗe. Wurin nan zanen ya bambanta da sauran, ya yi tauri, gaɓoɓin yarinyar na lanƙwashewa kamar na 'yar tsana da ake tanƙwarawa da ƙarfi.

Ƙofa ta rufe, makulli ya yi ƙara. Sai shiru, in ban da wani ɗan sauti, tik, tik, tik. Mutane sun ɗauka agogo ne. Shi ya san kukan inji ne in yana hucewa bayan an kashe shi, kuma ya san ba ya wuce minti goma. Da sautin ya ɗauke, kujerun suka fara numfashi, suna kumbura suna sacewa. Rana ta zo ta manna fuskarta a taga ta farko, ta matsa ta biyu, ta uku, tana neman yarinyar. Yarinyar ta fito ta ruga ƙofa, hannun ƙofar ya yi ta hawa sama yana guje mata. Ta buga gilashi, tafin hannunta ya bar shaida, shaidar ta narke ta gangara. Ta buɗe baki ta yi ihu, ba abin da ya fito sai farin tururi. Sannan layukan jikinta suka fara gogewa, daga ƙafa, har saura ido da 'yan yatsu.

A madubi kuwa idanun na nan. Direba ya tafi, su ba su tafi ba, suna kallo.

Daga ƙarshe ƙofa ta buɗe, haske ya shigo, hannaye biyu dogaye suka tattara ɗan abin da ya rage na yarinyar. Allon ya yi fari.

Tafi ya ɓarke a zauren. Aka kunna fitilu. Shugaba ta hau dandamali tana fifita da takarda, ta ce ita kam yau sai ta duba ƙarƙashin gadonta, aka yi dariya. Ta miƙa wa budurwar makirufo, ta ce ko akwai mai tambaya. Wata malamar aji uku ta ɗaga hannu.

"Ni abin da ban gane ba, me ya sa yarinyar ta ɓuya?"

Budurwar ta gyara tabarau. "Anti, abin da na yi shekara biyu ina zanawa ke nan ko zan gane. Yarinyar ni ce, a makarantar nan abin ya faru. Na tuna zafin, na tuna ƙarar nan ta inji. Shiga ƙarƙashin kujerar ne ban tuna ba, sai dai an gaya mini. Wurin ne ya fi ba ni wuya. Na zana shi ya fi sau arba'in, kullum sai hannuna ya kwantar da yarinyar a kan kujera, sai in goge in sake."

Aka yi 'yar dariya. Ita ma ta yi, ta gajeren lokaci.

"Gaskiya tun daga ranar ban cika yarda da kaina ba. In aka ce na yi abu, ko ban tuna ba, sai in ce to, ƙila na yi. Wadda ta kusa kashe kanta don wasa, me ba za ta iya ba? Shi ya sa na ce bari in zo in nemi gafarar wanda na jefa cikin tashin hankali, in kuma gode masa. Hannayen nan na ƙarshe nasa ne. Baba, ka yafe mini."

Ta rusuna daga kan dandamalin, tana fuskantarsa.

Zauren ya miƙe tsaye. Matarsa na share hawaye da gefen mayafi, tana tura shi da gwiwar hannu. Ya tashi, bai san yadda ya hau matakalar ba. Ya tsira. Babu wanda ya sani, har ita. Abin da ya kwana biyu yana roƙo ke nan, ga shi an ba shi har da ƙari. Aka miƙa masa babban agogon bango a cikin kwali, aka ɗauki hoto, aka sa masa makirufo a baki. Ya dubi matarsa, ya dubi jikokinsa, ya dubi dattijon da ke tafi da sanda a hammata.

"Na gode," in ji shi. "Allah ya saka da alheri." Ya sauko.

Kar ku so ku ga yadda ya tsani kansa a lokacin nan.

Ana cikin rabon lemo da gaishe-gaishe, budurwar ta same shi a bakin ƙofa. Ta ce tana da roƙo ɗaya, tana so ta shiga bas ɗin. Tun ranar ba ta ƙara shiga bas ba, ko na haya.

"Ba shi ba ne, 'yata. Wancan an daɗe da sayar da shi."

"Ba komai, Baba. In dai kana kusa."

Suka zagaya bayan ajujuwa. Ya buɗe ƙofa, zafin da ya taru a ciki ya bugo su. Ta tsaya a matakala ta ja numfashi, ta hau. Ta bi tsakiyar kujeru a hankali har baya, ta zauna a tsakiyar doguwar kujera. Shi kuma ƙafafunsa suka kai shi mazauninsa, don nan suka sani. Ya ɗaga kai. Ga ta a madubi.

"Ka san wani abu, Baba?" Muryarta ta taho daga can baya. "Duk inda aka nuna fim ɗin nan sai an tambaye ni idanun nan na waye. Wasu su ce mutuwa ce, wasu su ce Babana ne. Ni ma ban san inda na samo su ba. Suna zuwa ne kawai."

Makullin na hannunsa, ya matse shi har ya shige masa nama. Yana iya cewa Allah ne masani, su sauka, a koma shan lemo. Gobe ba ta garin.

"Nawa ne," in ji shi.

"Na'am?"

Bai juya ba. Ta madubin ya yi maganar, don ta nan kaɗai zai iya.

"Idanuna ne. A shataletale na gan ki, kina gyangyaɗi. Kika ja jakarki, ja ce mai zif ɗin da ya lalace, kika sa kai. Kin ɗago kin kalle ni ta nan sau ɗaya, sannan kika rufe ido. Na ce zan tashe ki. Na tsaya faɗa da wani, na manta. Ban duba motar ba, ko kujera ɗaya. Ba ki ɓuya ba, 'yata. Barci kike yi."

Ba ta motsa ba.

"Da Babanki ya riƙe ni, tsoro ya kama ni, na ce ɓuya kika yi. Ƙarya na yi miki. Hannunki ne yake da gaskiya."

Ta cire tabarau ta riƙe a cinya. Ta dubi kujerar da take kai, ta shafa ta da tafin hannu. Ya jira ihu, ya jira zagi, da ma su ya fi so.

"Shekarata shida," in ji ta a hankali.

"Na sani."

"A gadon asibiti Babana ya ce mini na kusa kashe Mamata da baƙin ciki. Da robar ruwa a hannuna ya faɗa." Muryarta ta fara karyewa, ta tsaya ta saita ta. "Ɗazu na durƙusa maka a gaban mutane. Ka bar ni na durƙusa."

"Na bar ki."

Ta mayar da tabarau, ta miƙe, ta taho har inda yake. Ta tsaya a kansa, ba ta madubi ba, ido da ido.

"Ni na ji. Amma ba ni ka gaya wa ƙaryar ba. Tashi."

Zauren ya fara raguwa, ana tattara kujeru. Dattijon na zaune a layin gaba, kusa da shi matar Sauka-Lafiya ce rungume da kwalin agogo, suna hira, babbar 'yarsa na tsaye tana jijjiga goyo. Shugaba na gefe tana sallamar baƙi. Duk suka juyo da fara'a.

"Ga su nan! Malam Direba, ka ga 'yar taka ta zama abin kwatance ko?"

Sauka-Lafiya ya durƙusa a gabansa, abin da bayansa ya daɗe da hana shi yi in ba a cikin bas ba. Ya maimaita maganar tun daga shataletale, bai rage komai ba, bai kuma sassauta murya ba. Yana cikin yi ya ji matarsa ta ce "Malam?" sau ɗaya. Ya ga ƙafafun shugaba sun matso sun tsaya. Ya ji an ajiye kwalin agogo a kan siminti.

Da ya gama ya sunkuyar da kai ya miƙa wuya, yana jiran hannun nan ya sake cin kwalarsa, ko sandar ta sauka. Ba abin da ya taɓa shi. Ya ɗago.

Dattijon ba shi yake kallo ba. Ko kaɗan ba ya cikin lissafinsa. 'Yarsa yake kallo, tana tsaye nesa kaɗan ta ba su baya, tana naɗe wayar majigi a hannu, tana warwarewa, tana sake naɗewa. Tsohon ya dogara sanda ya miƙe da ƙyar.

"Taɓu..." in ji shi, sai ya datse. Ya sa hannu ya toshe bakinsa.

Sannan ya sauke hannun, ya kira ta da sunanta na gaskiya, wanda shi da kansa ya raɗa mata, a hankali, kamar yana gwada ko zai iya.

Ba ta juyo ba. Ba fushi ba ne, Sauka-Lafiya na ganin gefen fuskarta daga inda yake durƙushe. Ba ta gane da ita ake ba, don rabonta da jin sunan nan a bakinsa tun tana 'yar shekara shida. Sai da uban ya sake kira.